Yadda Ake Gane Lagireto Na Asali Wajen Farfaɗo Da Tsohuwar Peugeot 504

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a shekarar 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A Najeriya kuwa, masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati a wancan zamani, ita ce kuma ta tasha. Yau da aka daina ƙera ta, mai son farfaɗo da ita ya dogara ne ga kasuwar kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, inda na asali da jabu ke zaune a kanta ɗaya. A cikin kayan da kuskurensu ya fi tsada har da lagireto.

Me ya sa lagireto ke da muhimmanci?

Famfon ruwa yana zagaya da ruwa cikin inji domin ya kwaso zafi, sannan ruwan ya bi ta siraran bututan lagireto, iska ta sanyaya shi. Injin fetur na 504 gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuma na alminiyam. Idan zafi ya wuce kima, kan injin yana iya lanƙwasa, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da bakin mai. Arhar da aka nema wajen sayen lagireto sai ta koma kuɗin sauke inji.

Rukunan kayan da ke kasuwa

Na farko shi ne sabon kaya na asali da ya daɗe a ajiye, wanda samunsa sai an sha wuya. Na biyu shi ne wanda kamfanin da ke yi wa Peugeot aiki ya ƙera da sunan kansa. Kamfanin Chausson na Faransa ya shahara da wannan, kafin sashensa na lagireto ya koma hannun Valeo. Na uku shi ne na hannu da aka ciro daga wata mota. Na huɗu shi ne sabon kwaikwayo mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera shi, kuma a cikinsa akwai mai kyau. Na biyar shi ne jabu: kaya maras inganci da aka manna wa tambarin da ba nasa ba. Sayar da wannan laifi ne, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin yaƙar sa.

Tagulla ko alminiyam?

Lagireton motocin wancan zamani an yi shi ne da jan ƙarfe da tagulla, aka liƙe da dalma. Yawancin na yanzu alminiyam ne mai tankin roba. Jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin ɗaukar zafi, sai dai ya fi nauyi da tsada. Babbar fa'idarsa ita ce yana gyaruwa: mai gyaran lagireto zai iya cire tankunan, ya wanke bututan, ko ya sauya tsakiyar gaba ɗaya ya mayar da tankunan asali. Ga wanda burinsa motar ta koma yadda ta fito daga masana'anta, wannan ita ce hanya mafi dacewa. Tankin roba kuwa idan ya tsage, liƙi ba ya daɗewa.

Abin da za a duba kafin a biya

A fara da lambar shasi da nau'in inji, domin lagireton mai fetur da na mai dizal ba lalle su zo ɗaya ba. A tafi kasuwa da tsohon, a gwada tsawo, kauri, mazaunin ƙusoshi da inda bakin tiyo yake. A ƙirga layukan bututu. Wanda bai kai na asali ba zai gaza a zafin watan Afrilu. Tambarin da aka buga a jikin ƙarfe ya fi abin dogaro bisa takardar da aka manna ko kwali.

Sabon baƙin fenti ba shaida ba ne, sau da yawa ma ɓoye aibi yake yi. A kankare gefe kaɗan a ga launin ƙarfen. Koren tabo alamar yoyo ne, ganyen da ke marmashewa kuma alamar ruɓewa. A nemi a toshe bakunan, a hura iska a ciki, a tsoma shi a ruwa: kumfa za ta nuna huda. A kuma karɓi rasit mai sunan shago.

Ƙananan kayan da ake rainawa

Murfin lagireto yana riƙe matsi ne domin ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Mai rauni zai bar ruwa ya ƙare, wanda ya fi ƙarfin tsohon lagireto kuma zai iya fasa shi, don haka a bi adadin da littafin motar ya ƙayyade. Cire tamostat, al'adar da ta yaɗu a garejinmu, ba ta maganin lagireton da ya toshe, tana dai sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba. A sauya tiyo da fanbel tare, a tabbatar fanka na aiki. Ruwan rijiya zalla yana tara gasari a bututu, yana kuma cin alminiyam; a yi amfani da ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.

Bayan an ɗaura, a bar injin ya yi aiki a tsaye har ya ɗau zafi, ana lura da allurar zafi da ƙasan mota. Kada a buɗe murfi sai injin ya huce.