49 ba faɗuwa: musun da ya sa na biya kuɗin shayin mutum shida

Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Sati biyu da suka wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a teburin mai shayinmu na bakin makaranta a nan Ibadan. Mu shida ne, 'yan Arewa biyar da abokin ɗakina, Bayarabe ɗan Shagamu mai jin Hausa kamar jakin Kano, wanda a wurinsa Anthony Joshua ɗan gida ne, ba a taɓa shi. Sai wani ƙanenmu ɗan aji uku da ke karanta lissafi ya zaro waya ya nuna mana wani jadawali na zakarun damben zamani ajin masu nauyi. Ya ce, "Yaya, musu ya ƙare. Rocky Marciano, wasa 49, nasara 49, faɗuwa babu. Lamba ba ta ƙarya." Ni kuwa tun ina yaro a gidan kallo nake mutumin Mike Tyson, don haka na ce ba zai yiwu ba. Aka yanke cewa kowa ya je ya nemo hujja, wanda aka kayar da tasa shi zai biya shayi da ƙwai na kowa. Na ce a raina, ɗan mastas a fannin tarihi ai ba zai faɗi a hannun ɗan aji uku ba.

Abu na farko da ake koya mana game da kowace takarda ta tarihi shi ne ka tambaye ta: me kika ƙirga, me kika bari? Da wannan tambayar na fara da Marciano.

Lissafin gaskiya ne. Wasa 49, 43 daga ciki da bugun kwaf ɗaya, ya ajiye safar hannu a 1956 yana da shekara 32. Amma duba manyan sunayen da ke ciki. Joe Louis da ya doke a 1951 yana da shekara 37, kuma bashin haraji ne ya dawo da shi fage bayan ya yi ritaya. Jersey Joe Walcott da ya karɓi kambu a hannunsa a 1952 yana da 38, kuma ya kai Marciano ƙasa a turmin farko, yana gaba a makin alƙalai har zuwa turmi na 13 da naushi ɗaya ya gama da shi. Archie Moore, abokin karawarsa na ƙarshe, ya kusa arba'in ko ya haura, shi ma ya kai shi ƙasa. Sau shida kacal Marciano ya kare kambunsa. Ban ce rago ba ne, wallahi mutumin da ake zubarwa ya tashi ya yi nasara ba rago ba ne. Sai dai nauyinsa kusan kilo 85 ne, wanda a yau ko ajin masu nauyin ba zai shiga ba. Tyson Fury ya hau fage da fiye da kilo 120.

Wannan sifilin na Marciano ya daɗe yana ruɗar mutane. Larry Holmes ya kai 48 ba faɗuwa, saura ɗaya ya kamo shi, sai Michael Spinks ya doke shi da maki a 1985. Ya ƙare da nasara 69 da faɗuwa 6. A jadawalin ƙanenmu yana can ƙasa, alhali sau 20 ya kare kambu.

Sai na juya kan Muhammad Ali, a nan ne jadawalin ya fi cin amanar mai karatu. Nasara 56, faɗuwa 5. In ka tsaya a nan, sai ka ce ai gwani ne kawai cikin gwanaye. To amma a 1967, yana da shekara 25, yana da 29 ba faɗuwa, aka ƙwace kambunsa aka hana shi wasa saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Bai dawo ba sai Oktoban 1970. Shekara uku da rabi ke nan, a daidai lokacin da jikin ɗan dambe ya fi ƙarfi da sauri. Babu wani layi a jadawali da aka tanada domin wasannin da aka hana mutum yi.

Yanzu ɗauki faɗuwar biyar ɗaya bayan ɗaya. Joe Frazier ya doke shi a Maris 1971, Ali ya rama sau biyu, na biyun shi ne na Manila a 1975. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, ya rama sau biyu. Leon Spinks ya doke shi a Fabrairun 1978, ya rama a Satumbar shekarar, ya zama zakara karo na uku. Biyun ƙarshe, Holmes a 1980 da Trevor Berbick a 1981, yana da shekara 38 da 39, jiki ya riga ya gaya masa, bai kamata ma a bar shi ya hau ba. Da ya tsaya a 1978, da lissafinsa 56 da 3 ne, kuma duk ukun ya rama. Da bai dawo ba bayan 1967, da shi ma yana da sifilinsa kamar Marciano, amma da ba mu ga Kinshasa ba.

Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974. George Foreman yana da shekara 25, wasa 40 ba faɗuwa. Frazier ɗin da ya doke Ali, Foreman ya zubar da shi sau shida cikin turmi biyu. Norton ɗin da ya karya muƙamuƙin Ali, shi ma turmi biyu ya yi. In lissafi ake bi, Ali mai shekara 32 ba shi da abin yi a wurin. Ya jingina da igiya, ya bar Foreman ya yi ta duka har ya gaji, ya kwantar da shi a turmi na takwas. Frazier ya ci Ali, Foreman ya ci Frazier, Ali ya ci Foreman. Na ce wa ƙanenmu ya sa wannan a kwamfutarsa ya ga abin da za ta ba shi.

Matsalar ita ce wuƙar da na wasa domin Marciano ita ta yanke ni. Hujjar da nake taƙama da ita tun yarinta ita ce: Berbick ya doke Ali, Tyson ya tarwatsa Berbick cikin turmi biyu a 1986 yana ɗan shekara 20, zakara mafi ƙarancin shekaru a tarihin ajin, saboda haka Tyson ya fi Ali. Ga shi da hannuna na rushe irin wannan lissafin. Da na bi sunayen, manyan nasarorin Tyson su ne Holmes mai shekara 38 da ya dawo daga hutu, da Michael Spinks wanda asalinsa ɗan ƙaramin aji ne, aka gama da shi cikin daƙiƙa 91 a 1988. Yana da 37 ba faɗuwa lokacin da Buster Douglas, wanda ba wanda ya ba shi ko kwabo, ya kwantar da shi a turmi na goma a Tokyo, Fabrairun 1990. Daga nan kurkuku daga 1992 zuwa 1995, bisa hukuncin fyaɗe, wanda ba a haɗa shi da dakatarwar Ali ko kaɗan. Evander Holyfield ya doke shi a 1996, a karo na biyu a 1997 ya ciji kunnensa aka kore shi. Lennox Lewis ya gama da shi a turmi na takwas a 2002. Abin da ya fi min ciwo: duk tsawon aikinsa Tyson bai taɓa rama faɗuwa ko ɗaya ba. Na duba sau biyu, ko zan samu wata ƙofa. Babu.

Shi kuwa Lewis, wanda ba ma ko ambatonsa a gidan kallo saboda wasansa ba ya tayar da tsikar jiki, 41 ne da faɗuwa 2 da kunnen doki 1. Oliver McCall da Hasim Rahman suka doke shi, duk ya rama. Holyfield da suka yi kunnen doki a Maris 1999, ya doke shi a Nuwamba. Wato babu mutumin da ya taɓa haɗuwa da shi a fage wanda bai ci ba.

Akwai wani giɓin da ya fi waɗannan girma, kuma a matsayina na ɗalibin tarihi shi ya fi tsaya min. Daga 1915 da Jack Johnson ya rasa kambu zuwa 1937 da Joe Louis ya karɓa, ba a ba baƙar fata ko ɗaya damar neman kambun ajin ba. Jack Dempsey ya riƙe shi daga 1919 zuwa 1926 bai taɓa karawa da Harry Wills ba, wanda shekara da shekaru shi ne ya fi cancanta. Lissafin Dempsey yana nan tsaf a littafi, amma sunan da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne wanda babu. Shi Louis da ya samu shiga, ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, har yau ba wanda ya kamo. Max Schmeling na Jamus ya doke shi a 1936, ya rama a 1938 cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi.

Ko ma'aunin kansa ya canza. Da turmi 15 ake yi, an rage zuwa 12 bayan mutuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim a 1982, ka ga naushin Marciano na turmi na 13 a yau da ba a kai wurin ba. Da zakara ɗaya ne a duniya, yanzu manyan hukumomi huɗu ne kowace da kambunta, mutum zai iya zama zakara shekaru yana kauce wa sauran. Kuma masu shirya wasa sun gane sifili kaya ne na sayarwa, sai su yi ta zaɓo wa yaronsu waɗanda zai iya. Deontay Wilder ya kai 40 ba faɗuwa, 39 kwaf ɗaya, kafin ya haɗu da Fury.

Jiya muka koma teburin. Na jera nawa: Ali da Louis a sama, ina ɗan fifita Ali saboda irin mazajen da ya tarar, sannan Lewis da Holmes da Foreman, wanda ya dawo ya sake karɓar kambu yana da shekara 45 a 1994. Marciano na bayansu, Tyson na bayan Marciano. Faɗar wannan na ƙarshen ta yi min nauyi a baki. Abokin ɗakina ya tambaya ina Joshua, aka tuna masa da Andy Ruiz da Usyk sau biyu da Daniel Dubois, ya ce ai ya rama na Ruiz, kuma da ma'aunin da na kawo wannan abin ƙirgawa ne. Gaskiyarsa, na ba shi.

Mai shayin, dattijo ɗan ƙasar Sakkwato, yana jin mu bai ce komai ba sai da muka gama. Ya ce su a zamaninsu ba wanda ya rubuta kisa nawa Shago ya yi, amma kowa ya san da wa da wa ya kara, don Ɗan Anace ya faɗa a waƙa. Ƙanenmu ya ce, "Baba, wannan ai ba alƙaluma ba ne." Ya ce masa, "To ɗana, sha shayinka kada ya huce."

Tunda gwanina ya ƙare a ƙasan nasa, ni na biya. Yaron ya ƙara ƙwai biyu, kuma har muka tashi yana cewa 49 dai ba faɗuwa.