Shekarar da Rimi ya soke haraji da jangali

Yau baya za mu koma, zuwa 1979, lokacin da Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano. Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta.

Ni dai ban ga haraji da idona ba, a bakin kakana na ji shi. Ya ce da an gama girbi, kafin gero ya shiga rumbu, takarda ta iso wajen dagaci. Kowane namiji baligi da kuɗin kansa, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda ya kasa biya, a sayar da akuyarsa, ko a zaunar da shi cikin rana a ƙofar fada yaransa suna kallo. Shi kansa akwai shekarar da ya tafi cin rani ba don komai ba sai don ya haɗo kuɗin haraji. Fulani kuma nasu jangali ne, kan kowace saniya. A nan wajenmu da ke bakin iyaka, in lokacin ƙirga ya matso, wasu sai su kora garken su tsallaka Nijar, sai ƙura ta lafa su dawo.

Wannan wulaƙancin ne NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ta yaƙa tun daga 1950. Da PRP ta ci zaɓen 1979, Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna ranar 1 ga Oktoba, bai ɓata lokaci ba ya soke haraji da jangali. Balarabe Musa ma haka ya yi a Kaduna. Kakana ya ce da aka faɗa a rediyo mutane ba su yarda ba, sai da kaka ta zo ta wuce babu wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne Rimi bai tsaya nan ba. A 1980 ya kafa hukumar ilimin manya, aka buɗe ajujuwan yaƙi da jahilci har cikin ƙauyuka, aikin da ya kai UNESCO ta ba hukumar lambar yabo. Kakata a irin wannan ajin ta koyi rubuta sunanta, tana da 'ya'ya huɗu. Har ta rasu ba ta yarda a shafa mata tawada a yatsa don sa hannu, sai ta ce a miƙo mata biro.

To amma fa, a nan nake rabuwa da wasu abokan gwagwarmayata da ke ganin ba a taɓa Rimi. A zamanin En'e, haraji da jangali su ne ƙashin bayan baitulmali, daga ciki ake biyan malaman elemantare. Da aka soke su, me ya cike gurbin? Kuɗin fetur daga Legas. Shirin UPE na 1976 ya riga ya cika firamare da yara, ana neman malamai ido rufe. Sai farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, jihohi da dama suka kasa biyan malamai albashi na watanni. Da sojoji suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983, karɓar kuɗi daga talaka ta dawo, wani wuri da tsohon suna, wani wuri da sabo.

Kar a fahimce ni ba daidai ba. Soke harajin nan daidai ne, ko yau aka tambaye ni. Harajin da ba ya duba abin da mutum ya samu zalunci ne. Kuskuren shi ne ba a gina wata hanyar da mai hali zai biya ba, aka jingina allon ɗan talaka da rijiyar mai da ke nesa da mu, wadda ba mu da ta cewa a farashinta.

Shi ya sa duk lokacin da ɗan takara ya tsaya a Gumel ya ce zai rage haraji kuma ilimi kyauta, ni ba na saurin tafi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta yafe wa mai samun Naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara, madalla. Amma manomin riɗi a Gagarawa dama ba albashi yake ɗauka ba, nasa a hanya da bakin kasuwa ake karɓa, rasit bayan rasit. Ku je Maigatari ranar Alhamis ku ga shanun da ke sauya hannu, sannan ku leƙa firamaren ƙauyen da ya fi kusa ku ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa. Tambayar da zan yi wa duk mai neman ƙuri'ata ita ce: wa za ka yafe wa, wa zai biya, kuma in kason Abuja ya ragu, albashin malami daga wane aljihu zai fito?