Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Sauyin Sauti da Ɗorewar Roƙo a Waƙoƙin Rarara

Yankin noma na kudancin jihar Katsina, wanda ya haɗa Funtuwa da Malumfashi da Kafur da Danja, ya ba waƙar Hausa mawaƙa biyu da za a iya auna sauyin zamani da su, wato Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa ya kuma rasu a 1999, da Dauda Kahutu Rarara, ɗan garin Kahutu na ƙaramar hukumar Danja. Shata ya dogara ne da makaɗan kalangu da 'yan amshi, alhali waƙar Rarara a situdiyo ake haɗa ta da fiyano da kwamfuta, inda mutum guda ke jera sautin ganga da na algaita kafin a ɗora murya.

Wannan salo ya samo asali daga waƙoƙin finafinan Kano na shekarun 1990, waɗanda ake kira nanaye, wato waƙoƙin da namiji da mace ke karɓa-karɓa bisa kiɗan fiyano samfurin Yamaha. Rarara ya karkatar da wannan kiɗa daga soyayya zuwa siyasa, kamar yadda "Masu Gudu Su Gudu" ta zamanin zaɓen Muhammadu Buhari na 2015 da "Jagaba Shi Ne Gaba" ta zaɓen 2023 suka nuna. Waƙar ba ta tsayawa ga sauti kaɗai, domin ana haɗa ta da hoton bidiyo mai ɗauke da 'yan wasan Kannywood, sannan ta yaɗu ta YouTube da TikTok da shagunan masu tura waƙa a waya, har ta kai ga manomin da bai taɓa halartar wasan mawaƙin ba.

Sai dai na'ura ba ta taɓa ginshiƙin sana'ar ba. Har yanzu akwai ubangida, wato wanda ake wa waƙa yake kuma biya, akwai yabo, akwai zambo, wanda shi ne muzanta abokin hamayya a fili, da habaici, wanda ke suka a kaikaice. Ko da Rarara ya nemi magoya bayan Buhari su tura masa naira 1,000 kowanne a 2020 kafin ya saki sabuwar waƙa, roƙo ne na gargajiya ya bi ta asusun banki. Saboda haka ya fi dacewa manazarta su ɗauki waƙoƙinsa a matsayin ci gaban waƙar fada da ta jama'a, su kuma yi nazarin sautinsu da hotunansu tare da matanin baitocinsu.