Tarihin 'Yan Jakunkunan Folima Masu Ɗaukar Magani

Magani, kome kyaunsa, yakan zama guba idan ya bi jini ya bazu inda ba a aike shi ba. Maganin ciwon daji shi ne babban misali, domin yadda yake kashe muguwar tsoka haka yake taɓa zuciya da ɓargo. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna neman wata 'yar jaka, wadda ido ba ya gani, da za ta riƙe magani har ya isa inda aka nufa.

A shekarar 1957 Thomas Chang, yana ɗalibi a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya ƙunshe sinadarin da ke ba jini launinsa cikin siririn tantani na roba. A farkon shekarun 1960 kuma Alec Bangham, a Babraham ta Ingila, ya lura cewa wani irin kitse, in aka kaɗa shi cikin ruwa, yakan naɗe kansa ya zama ƙwallo mai kogo. Daga nan aka sami lifosom, amma sai a 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin daji da aka ƙunsa cikinsa.

Tantanin kitse kuwa ba shi da ƙwari, kana yana yoyo. A 1999 Dennis Discher da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka gina irin wannan jaka da folima, watau dogayen sarƙoƙin sinadari dangin roba. Ta fi ta kitse ƙarfi kusan ninki goma. Sai dai ƙarfin nan ne ya zama cikas, gama ko ruwa da ƙyar yake ratsa ta. An gina rumbu ke nan, ba a bar masa ƙofa ba.

A nan ne aikin ya yi armashi. A 2000 Wolfgang Meier, a Basel ta Suwizalan, ya ɗauko wani furotin mai kama da bututu daga fatar ƙwayar bakteriya, ya dasa shi cikin bangon jakar. Inzayim, watau furotin mai gaggauta aikin sinadarai, sai ya zauna a ciki bai iya fita, abin da zai lalata shi kuma bai iya shiga. Ƙananan sinadarai ne kaɗai ke bin ƙofar, a sarrafa su, su fito. A 2006 Kazunori Kataoka a Tokyo ya bi wata hanya, ya haɗa folima iri biyu masu jan juna, bangon ya fito da ƙananan kafofi tun asali.

Duk da haka, galibin waɗannan jakunkuna suna matakin gwaji kan dabbobi. Da annobar korona ta zo a 2020, ƙunshin kitse aka komawa wajen yin rigakafin Pfizer da Moderna.