Wane Kifi Zai Zauna Da Wane? Zaɓen Kifayen Gida Don Ƙaramin Dam A Yankin Betso, Mubi

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda mai ƙaramin dam na ƙashin kansa a yankin Betso, ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a jihar Adamawa, zai zaɓi kifin da zai zuba domin kamu. Ta bi ta kan yanayin ruwan yankin da halin ci da haihuwa na karfasa, tarwaɗa, bargi, giwan ruwa da yauni. Matsayarta ita ce, ruwan da ya saura a dam a watan Afrilu shi ya kamata ya yanke hukuncin abin da za a zuba, kuma karfasa ba ta yin girma sai da mai rage mata 'ya'ya.

Ruwan da ake magana a kai

Ƙasar Mubi tana gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Kogin Yedzaram da ya ratsa garin arewa yake nufa, zuwa kwarin tafkin Chadi, alhali ruwan Yola da Numan na Binuwai ne. Damina kan kama daga Mayu zuwa Oktoba. Ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsu suna zuwa da ƙarfi, jajawur da laka, sannan su ɗauke da zarar rani ya shiga.

Dam ɗin da aka tare irin wannan ƙorama da shi yana da fuska biyu. A Agusta yakan cika har ya malala, mai shi ya tsaya a kan ganuwa yana lissafin dubban kifi. Zuwa ƙarshen Maris rana ta sha nata, masu noman rani sun ja nasu, shanu sun tattaka gefen, abin da ya saura ɗan ruwa ne mai ɗumi da kauri, wanda iskar shaƙa ke ƙaranci a cikinsa, musamman da asuba. Tsakanin nan kuma akwai hunturun Disamba da Janairu, lokacin da ruwa ke sanyi, karfasa ta rage ci, girmanta ya tsaya. Kifin da ba zai ƙetare waɗannan watanni ba, asarar kuɗi ce a sayo shi, komai tsadarsa a kasuwar Mubi.

Karfasa da matsalarta

Kusan kowa da karfasa yake farawa, kuma da dalili. Nau'in da masana ke kira Oreochromis niloticus yana rayuwa a kan koren ruwa, wato ƙananan tsirrai da ƙwarin da ido ba ya gani, waɗanda kashin shanu ke haɓakawa. A yankin da dabbobi ke sha a dam, abincinta yana zuwa kyauta. Mai dam zai iya gwada ruwansa ba tare da na'ura ba: ya tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan tafin ya ɓace cikin launin kore, akwai abinci. Idan ja ne ya ɓoye shi, laka ce, kuma laka tana tare hasken da tsirran ke bukata.

Matsalar karfasa ita ce haihuwa. Uwa tana riƙe ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta har su yi ƙwari, saboda haka da yawansu suna tsira. A ruwan da aka killace takan fara haihuwa tun tana ƙarama, ta kuma maimaita sau da dama a shekara. Sakamakon ya zama sananne ga duk wanda ya taɓa zuba karfasa ita kaɗai. A shekara ta biyu a ja taru, ya fito da nauyi har maza huɗu su yi nishi, a zazzage a kan ciyawa, sai ga tulin kifi iya faɗin yatsu uku, manyan kawuna da idanuwa, ba tsoka. Mai banda ma sai ya yi ragi kafin ya karɓa. Abincin da zai ƙosar da kifi ɗari ne dubu suka raba.

Akan ba da shawarar a zuba maza zalla, domin sun fi saurin girma, kuma ana iya tantance su da hannu idan sun ɗan tasa. Wannan yana aiki a kwamin siminti. A dam da ƙorama ke shiga, damina ɗaya ta isa ta kawo matan daji, aiki ya koma baya.

Mai rage 'ya'ya

Tunanin haɗa kifi mai ci da wanda ake ci ba sabo ba ne. A 1950 H. S. Swingle na Auburn da ke jihar Alabama a Amurka ya wallafa nazarinsa kan kududdufan kamun kifi, inda ya nuna cewa waɗanda suka fi daidaito su ne masu kilo 3 zuwa 6 na kifin da ake ci a kan kowane kilo ɗaya na mai ci. Kifayen Amurka ya yi aiki da su, don haka alƙaluman ba aya ba ne a Betso. Amma hujjar tana nan: nauyi ake aunawa, ba kawuna ba, kuma masu ci su ne 'yan tsiraru.

Kusa da gida, manoman yankin Gagnoa da Daloa a Kodebuwa da na kudancin Gini, tare da ƙungiyar APDRA, sun daɗe suna haɗa karfasa maza da bargi da wani ƙaramin kifi mai ratsin baƙi, Hemichromis fasciatus, a madatsun da suka yi a kwaruruka. Wannan ƙaramin ba ya girma har ya taɓa manyan karfasa, aikinsa cinye ƙananan. Shi ma ɗan gida ne a ruwan Binuwai da na Chadi.

Sai dai mai dam a Mubi tarwaɗa zai fara tunawa, domin ita ce ake samun 'ya'yanta cikin sauƙi, ita ce kuma ke da kasuwa ɗanya da bandarta. Clarias gariepinus tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a taɓon Afrilu inda wasu ke kifewa. Ta wannan fuska babu kamarta. A matsayin mai rage 'ya'yan karfasa kuwa tana da kasala: komai ci take, daga tsutsa zuwa dusa, in ta samu abinci mai sauƙi sai ta bar farauta. Tana kuma cin 'yan'uwanta idan girmansu ya bambanta, kuma a daren ruwan sama takan bi malala ko jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi tafiyarta. Wanda zai zuba ta sai ya kafa raga a inda ruwa ke fita, ya zubo masu kai ɗaya, kuma ya bari karfasa ta riga ta shiga har ta fi ƙarfin bakinta.

Bargi

Idan akwai kifin da ake yi wa rashin adalci a wannan lissafi, bargi ne, Heterotis niloticus. Wanda ya ga girmansa, da zai iya kai wa kusan mita guda, zai ɗauka mafarauci ne. Ba haka ba ne. Yana tace ƙananan halittun ruwa, yana tsintar ƙwari, 'ya'yan ciyawa da ruɓaɓɓen ganye a ƙasan ruwa, saboda haka bai cika yin karo da karfasa ba, yana kuma iya haɗiyar iska daga sama idan ruwa ya lalace.

Sharaɗinsa ɗaya ne, ciyawa a gefe marar zurfi. Da ruwa ya hau a damina, mace da namiji sukan share wata da'ira a cikin ciyawar, faɗinta kamar mita ɗaya, su tara tsirran da suka tuge su zama katanga, tsakiya ta zama fili tas kamar an share da tsintsiya. A nan ake zuba ƙwai. Bayan 'yan kwanaki sai a ga 'ya'yan sun fito a dunƙule, wani baƙin curi yana juyawa a saman ruwa, iyaye na kewaye da shi. Mai dam da ya sa aka nome gefen ruwansa ƙal don ya yi kyan gani ya rushe ɗakin haihuwar bargi da hannunsa. Wanda kuma ya cika dam da tarwaɗa, wannan curin ne zai zama kalacinta.

Waɗanda ya kamata a yi hattara da su

Giwan ruwa, Lates niloticus, shi ne burin mai son a yi labarinsa. Amma kifin babban ruwa ne irin dam ɗin Kiri da aka kammala a 1982 a kan kogin Gongola, yana bukatar iska wadatacciya, kuma idan ya girma manyan karfasar ma haɗiye su yake. Tarihinsa a tafkin Biktoriya, inda aka shigar da shi a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓacewar nau'in kifi kusan 200, ya isa ishara, ko da yake a nan ɗan gida ne. Yauni da tsage ma mafarauta ne da ƙaramin dam ba zai ciyar ba. Kurungu ba ya cutar da kowa, illa ƙayoyinsa da ke sarƙe kalli. Gaiwa kuwa ba sai an gayyace ta ba. Inda akwai fadama takan shigo, ta binne kanta a laka har damina ta dawo.

Inda za a samo iri

Kifayen Binuwai da na Chadi kusan dangi ɗaya ne, domin a shekarun ambaliya ruwan Logone kan tsallaka ta Mayo Kebbi ya faɗa Binuwai. Duk da haka, kowane dam yana malala, abin da aka zuba a Betso wata rana zai bi ƙorama. Wannan ya sa irin da aka samo kusa ya fi wanda aka ɗauko daga kudu a jarka, musamman gaurayen tarwaɗa da ramboshi da masu ƙyanƙyasa ke haɗawa, wanda ba a san abin da zai yi wa tarwaɗar daji ba. Kifin kaf da aka kawo gonar kifi ta Panyam a Filato a shekarun 1950 baƙo ne, kuma tonon laka da yake yi zai ƙara dagula ruwan da dama can ja ne.

'Ya'yan karfasa da na bargi ana iya samunsu wurin masunta a ƙarshen damina, amma sai an tantance, domin a ƙanana nau'o'in suna kama da juna. Sashen nazarin kifi na Jami'ar Jihar Adamawa yana nan cikin Mubi, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa kuma tana New Bussa. Wajen kamu, dokar 1992 kan kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa milimita 76 a matsayin mafi ƙanƙantar idon koma. A dam na gida wannan ido yana barin matasan bargi su wuce. Babban kamu ya fi dacewa a Fabrairu ko farkon Maris, kafin ruwa ya ja baya, a rage nauyin kifi zuwa abin da kududdufin Afrilu zai iya riƙewa, a mayar da manyan bargi kaɗan don sheƙar baɗi.