Mai Gunduma: Razdan Cargill da Sarkin Kano Abbas

Jama'a, wanda ya tashi a Dawakin Tofa ko Ɗambatta ko Bichi ya ga gidan hakimi a tsakiyar gari, zai ɗauka haka abin yake tun zamanin Dabo. Ina! Sai bayan zuwan Turawa hakimi ya tare a ƙauye, kuma Bature guda ne ya matsa masa: Dokta Featherstone Cargill, Razdan na farko a Kano, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka shiga birnin Kano, alhali Sarki Alu ya riga ya tafi Sakkwato. A kan hanyar dawowar jama'arsa aka gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya rasu, Wambai Abbas ya juyo da sauran jama'a gida, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. Sai aka ajiye masa Cargill, wanda asalinsa likita ne, ya zama idon Turawa a kansa.

A wancan lokaci hakimai a birni suke zaune. Garuruwan kowannensu a warwatse suke, ɗaya a gabas, ɗaya can arewa, jakadu ne ke zuwa karɓo kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin karofi, kuma da yawansu bayi ne. Jakada ya ci, ubangidansa ya ci, sannan saura ya isa fada. Cargill ya ce a tattara garuruwan da ke maƙwabtaka su zama gunduma ɗaya, hakimi ya kwashe iyalinsa ya koma can, a sallami jakadu. Ta haka Madaki ya samu kansa a Dawakin Tofa, Sarkin Bai kuma a Ɗambatta, ƙasar kakanninsa Dambazawa.

Abbas bai so ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ta hannun jakadu da bayin sarki, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, yake jin motsin ƙasarsa. A raba shi da su, an raba shi da kunnuwansa. Bai fito ya ce a'a ba, yana sane da cewa Alu na tsare a hannun Turawa, ga kuma abin da Turawa suka yi wa Satiru da Haɗeja a 1906. Sai ya bi ta jan ƙafa: a amsa da "to", a ƙi aikatawa.

Nan fa Cargill ya fusata. A 1908 ya tuɓe ɗan sarki, Abdullahi Bayero, daga Waziri ya mayar da shi Ciroma, ya ɗora Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, a kujerar. Ku duba fa, mutumin da ya zo rage wa bayi ƙarfi shi ne ya ɗora bawa a kan 'ya'yan sarauta, don kawai ya ƙuntata wa Abbas. A shekarar ce kuma ya cinna wa takardun ofishinsa wuta, asarar da masu binciken tarihin Kano ke kuka da ita har yau. Manyansa suka ɗauke shi daga Kano.

Temple da ya zama Razdan a 1909 ya lallashi fada. Aka sauke Allah Bar Sarki, Alƙali Giɗaɗo ya zama Waziri. Abdullahi Bayero daga baya ya riƙe Bichi, daga can ya hau gadon sarauta a 1926.

Fada dai ta samu sauƙi, amma ba wanda ya waiwayi manomi. Gunduma ta zauna daram. Da can jakada kan zo bayan kaka ya tafi. Da aka kafa gunduma kuwa, hakimi na nan rani da damina, da dawakansa da barorinsa, kuma harawa da hatsi daga rumbun talaka suke fitowa. Ba a jima ba malaman taki suka ɓullo a gundumomin da ke kewaye da birni, suna auna gona da ƙafa, suna rubuta sunan mai ita da harajin da zai biya.