Katin memori na rediyo: yadda ake zaɓen wanda zai daɗe

A Safo, kamar sauran garuruwan gundumar Madarunfa, da wuya mutum ya ratsa majalisa bai ji ƙaramar rediyo mai katin memori tana tashi ba: karatun Alƙur'ani, wa'azi, ko waƙoƙin Shata. Matasa masu haɗa lasifika da hannunsu ma da shi suke aiki. Waƙa in ta ɓace ana sake samunta a shagon masu tura waƙoƙi a Maradi. Amma muryar mahaifin da ya rasu, ko karatun da malami ya ɗauka wa almajiransa, in kati ya mutu sun tafi ke nan.

Mene ne a cikin katin?

Injiniya ɗan ƙasar Japan Fujio Masuoka, na kamfanin Toshiba, shi ya ƙirƙiro wannan nau'in ma'ajiya a shekarun 1980. Katin SD ya fito a 1999, ƙaramin da ake sa wa waya da rediyo, wato microSD, ya biyo baya a 2005. A cikinsa akwai ƙananan ɗakuna bila adadin, kowane yana riƙe da ɗan cajin lantarki, kuma wannan cajin shi ne sautin da aka ajiye.

Ɗakunan iri-iri ne. Na SLC bayani guda yake riƙewa, yana jure gogewa da sake rubutu har wajen sau 100,000. Na MLC biyu, na TLC uku, na QLC huɗu. Yawan abin da aka cusa wa ɗaki, raguwar juriyarsa: TLC yakan tsaya ne a ƴan dubbai ko ƙasa da haka. Galibin katunan kasuwa TLC ne ko QLC, shi ya sa suke da araha.

Me ke kashe shi?

Saurare ba ya cin kati sosai. Rubutu da gogewa su ne ke gajiyar da shi. Sai zafi: cajin da ke cikin ɗakunan yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana hanzarta zurarewar. A yankin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, barin rediyo a rana ko a akwatin babur ganganci ne. Na uku, zare kati ko cire batir ana tsakiyar ɗaukar murya, wanda kan lalata tsarin katin gaba ɗaya.

Girman da ya dace

Katunan SDHC suna tsayawa a giga 32, da tsarin FAT32. Waɗanda suka wuce haka SDXC ne, da tsarin exFAT, wanda yawancin ƙananan rediyoyi ba sa karantawa. Allon DFPlayer Mini, da masu haɗe-haɗe ke amfani da shi, giga 32 ne iyakarsa. Kuma sauti ba ya cin wuri: minti ɗaya na MP3 mai matsakaicin inganci kusan mega 1 ne, don haka giga 8 zai ɗauki sama da awa 130. Biyan kuɗi don babban kati ko mai tsananin sauri ba ya ƙara wa rediyo komai. Wanda ke yawan ɗaukar murya gara ya nemi wanda aka rubuta wa Endurance, irin na SanDisk ko Samsung, domin don yawan rubutu aka ƙera su.

Jabu

Wannan ita ce babbar matsalar. Ana ɗaukar ƙaramin kati a gyara shi ya riƙa nuna giga 64 ko fiye, a buga masa sunan babban kamfani. Da farko lafiya lau yake aiki. Da zarar ainihin wurin ya cika, sai sunayen waƙoƙi su riƙa fitowa amma su ƙi tashi. Kwali da launi ba sa tona shi. Gwaji guda ne: a cika katin fal, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a saurara. Mai kwamfuta zai iya amfani da manhajar H2testw, wadda kyauta ce. In farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, a yi hattara. Araha ba ta ado.

Ga masu haɗe-haɗe

Na'urar da saƙo ɗaya take maimaitawa, kamar lasifikar mai talla, ba lallai sai da kati ba. Ƙura da jijjiga kan sa kati ya daina taɓa ramin da yake ciki. Ƙwayar ma'ajiya da ake liƙawa a jikin allo da dalma ta fi ƙarko. W25Q128 ta kamfanin Winbond tana da mega 16, wato wajen minti 16 na sauti, kuma kamfanin ya ce tana jure gogewa sau 100,000 tare da riƙe bayani shekara 20.

Kowane iri aka saya, wata rana zai mutu, kuma ba ya sanarwa. Duk sautin da ba a samunsa a kasuwa a ajiye shi wuri biyu: kati na biyu a cikin ɗaki mai inuwa, ko wayar wani ɗan'uwa. Sau ɗaya a shekara a saurari na ajiyar, in ya fara gardama a kwafe shi zuwa sabo nan take.